Hoton Gona Daga Sama: Sai An Ɗaure Shi Da Ƙasa

Manoma, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wani baƙo wanda ya shigo ƙauyuka ba sallama, watau hoton ƙasa wanda taurarin ɗan'adam su ke ɗaukowa daga sama. Yau a Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunci, yaro ya kan zaro waya daga aljihu ya nuna maka rufin ɗakinka, da kukar bakin gonarka, da hanyar da ka ke bi zuwa kasuwa. Ma'aikatan rancen noma su kan zo su zaga gona da waya a hannu, su ce ga faɗinta, ga kuwa yawan takin da ya kamace ta. Har wajen rabon gado da gardamar iyaka an fara jin a na cewa a duba a waya.

An ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma kuma an ce kama da wane ba ta wane. Hoton nan ya yi kama da gonarka, amma ba lalle ne ya zauna daidai inda gonarka ta ke ba. Ya na iya gocewa gabas ko yamma da taki biyar, ko goma, ko ma fiye, ido kuwa ba zai gane ba.

Kowane ɗan kasuwa ya san sikelin awon gyaɗa. Komai kyawunsa, ba a yarda da shi sai an ɗora masa ƙarfen awo wanda an riga an san nauyinsa, a ga ko allura ta tsaya inda ya kamata. To, haka hoton sama ya ke. Ba ya zama ma'auni sai an gwada shi da wuraren da aka auna a ƙasa, aka san matsayinsu sosai. Yadda a ke yin wannan gwaji, da abin da ya shafi manomi a ciki, shi ne karatunmu na yau.

AWON GONA BA BAƘO BA NE

A ƙasar Kano awon gona ya daɗe. Zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, akwai ma'aikata da a ke kira malaman taki. Ba takin zubawa a gona ba, takin ƙafa. Su kan taka tsawon gona da faɗinta, su lissafta, a yanka haraji bisa abin da suka samu. Ilar wannan awo a fili ta ke, domin takin dogo da na gajere ba ɗaya ba ne, takin safe kuma ba ya zama ɗaya da na la'asar. Daga baya 'yan safiyo suka zo da sarƙar awo da madubinsu mai ƙafa uku, sa'an nan aka shiga ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. A 1965 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa, suka buga bincike a kan ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ba daji a tsakani, kuma a na noma kowace shekara ba hutu.

A 1972 Amurka ta harba tauraron Landsat na farko domin duba ƙasa da amfanin gona. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin sama, NASRDA, a 1999. Ran 27 ga Satumba 2003 aka harba mata tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. Ran 17 ga Agusta 2011 aka ƙara harba biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Na ƙarshen nan injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila sa'ad da su ke koyon aikin. Ƙasashen Turai kuma sun harba nasu mai suna Sentinel-2 a 2015. Hotunan Landsat da na Sentinel-2 kyauta a ke ba da su ga duk mai so.

KAIFIN IDO DABAM, DAIDAITO DABAM

Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, jere a layi kamar gidajen dara. Kowane ɗigo ya na wakiltar wani yanki na ƙasa mai kusurwa huɗu. Mita ɗaya ta ɗara yadi kaɗan, watau kamar babban taki guda. Ɗigon Landsat na farko wajen mita 80 ne kowane gefe, ya fi eka ɗaya da rabi ke nan. Na Landsat 8, wanda aka harba a 2013, mita 30 ne. Na NigeriaSat-1 mita 32, na Sentinel-2 mita 10, na NigeriaSat-2 kuwa mita biyu da rabi. Akwai na kamfanoni waɗanda ɗigonsu bai kai rabin mita ba, irinsu ne ka ke gani a waya har ka ƙirga rumbuna.

Wannan shi ne kaifin ido. Amma kaifin ido ba shi ne daidaito ba. Hoto ya na iya nuna maka kowace kunya tangaran, alhali kuwa dukansa ya goce da mita goma. Kamar sikeli ne mai rubutu raɗau, amma allurarsa a karkace. Yawancin mutane nan su ke ruɗewa, su ga hoto ya fito sarai su zaci komai nasa daidai ne.

ABIN DA KE SA HOTO YA GOCE

Dalilai huɗu ne manya.

Na fari, gudu. Irin waɗannan taurari su na tafiya fiye da kilomita 7 kowane sakan. Ba kuma gaba ɗaya su ke ɗaukar hoto ba, layi-layi su ke yi, kamar yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya zare bayan zare har ƙyalle ya cika. Dole a san inda tauraro ya ke, da lokacin da ya ɗauki kowane layi. In agogonsa ya kuskure da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, hoto ya goce mita 7 ke nan.

Na biyu, saiti. Landsat na shawagi ne a nisan kilomita 705 daga ƙasa, Sentinel-2 a 786. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Maiduguri. Kowane maharbi ya san in abin hari na nesa, ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya sa kibiya ta faɗi wani wuri. Da'ira digiri 360 ce. A raba digiri ɗaya gida dubu, a ɗauki gida ɗaya tak. In kyamarar tauraro ta karkace da wannan ɗan mitsitsin abu, a ƙasa ya zama mita 12. Saboda haka a kan sa wa tauraro wata 'yar kyamara ta biyu wadda ke duban taurarin Allah, domin ya san inda ya fuskanta, kamar yadda madugai ke yi da dare a Sahara. Amma girgizar harbawa ta kan ɗan motsa kayan aiki. Bayan haka kuma tauraro ya na zaga duniya sau 14 da 'yan kai a kwana guda, kowane zagaye ya shiga zafin rana ya koma sanyin inuwa, ƙarfe kuwa ya kan miƙe ya tsuke.

Na uku, ita duniya ba a tsaye ta ke ba, ba kuma shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma. A daidai Ɗambatta ƙasa na juyawa gabas fiye da mita 450 kowane sakan. Wannan lissafinsa sananne ne, na'ura ta kan gyara shi ba wuya.

Na huɗu, tudu da kwari. In tauraro ya duba ƙasa tsaye daga bisa, kan abu da gindinsa wuri ɗaya su ke fitowa. Amma sau da yawa a kan karkata shi ya hango gefe. In ya karkata digiri 20, kuka ko hasumiyar masallaci mai tsawon mita 15 za ta fito kamar ta kwanta, kanta ya bar gindinta da fiye da mita 5. Haka dukan tudu ke yi. Ƙasar Ɗambatta yawancinta shimfiɗe ta ke, ba kamar duwatsun Kazaure ba, wannan kuwa sa'a ce. Amma duk da haka ta ɗara teku tsawo da fiye da mita 400. In mai lissafi ya manta da wannan, a irin waccan karkata, sai gari duka ya matsa kusan mita 150. Domin haka a ke haɗa hoto da taswirar tudu da kwari. Wadda aka fi amfani da ita da daɗewa ita ce wadda kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auno cikin Fabrairu 2000.

YADDA A KE DAIDAITAWA

Aikin hawa uku ne.

Hawa na fari na masu tauraro ne. Bayan an harba shi, a kan yi watanni a na gwaji kafin a fara ba mutane hotunansa. A kan sa shi ya ɗauki wuraren da aka riga aka auna komai nasu, a gwada abin da ya kawo da abin da aka sani. In an ga kullum ya na gocewa gefe guda, an san kyamara ta karkace ke nan. Ba mai iya hawa sama ya ɗaure kusa, sai dai a gyara a cikin lissafi. Ba kuwa sau ɗaya a ke yi a bari ba, a kan riƙa maimaitawa muddin tauraro na aiki.

Hawa na biyu shi ne ɗaure hoto da ƙasa. Ku dubi yadda a ke shanya fata. In aka yar da ita haka nan, sai ta ƙanƙance ta murɗe. Amma in aka ja ta aka kafe ta da turaku, a wuya da ƙafafu da gefuna, sai ta bushe a miƙe. Hoto ma turaku a ke kafa masa. Turken hoto shi ne wani wuri wanda a ke iya ganinsa sarai a cikin hoton, a ke kuma iya zuwa a taka shi da ƙafa. Mai safiyo ya je ya auna lambar wurin, sa'an nan a gaya wa kwamfuta, wannan ɗigo nan ne mazauninsa. In aka yi haka a wurare da yawa, sai ta ja hoton duka ya zauna bisa turakun.

Ba da wayar hannu a ke auna turke ba. Waya na samun lamba ne daga taurarin GPS, kuma ko a fili fetal ta kan kuskure da wajen mita 5, a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin gine-gine ya fi haka. Kafin Mayu 2000 ma, sa'ad da Amurka ta daina dagula siginar da gangan, kuskuren ya kan kai mita 100. 'Yan safiyo na'ura biyu su ke amfani da su. A kafa ɗaya a wurin da aka san lambarsa tabbas, a yi yawo da ɗaya. Ta zaune ta san ba ta motsa ba, saboda haka duk kuskuren da ta gani sai a cire shi daga na mai yawo. Da haka a kan sami lamba wadda kuskurenta bai wuce faɗin 'yan yatsu ba. Daga 2008 ofishin Babban Mai Safiyo na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi na zaune, aka sa ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ba kowane wuri ne ya isa turke ba. Wuri mai kyau shi ne wanda ke ƙasa-ƙasa, mai kusurwa, wanda ba ya motsi rani da damina: kusurwar kwalbati a kan titin Kano zuwa Kazaure, ƙarshen gada, mahaɗar titin kwalta biyu, ginin siminti na bakin madatsar ruwa ta Thomas. Amma bakin ruwan madatsar kansa bai yi ba, domin ya kan cika ya janye. Danga ba ta yi ba, a kan sāke ta. Rumbu bai yi ba, gaɓar rafi ba ta yi ba, rufin dogon gini da inuwarsa ba su yi ba.

Nan ne wahalar ƙasa irin tamu ta ke. Da ka bar titi ka shiga karkara, sai gonaki da shinge da itatuwa, kwalta da siminti sun yi wuya. Saboda haka wani lokaci a kan zuba ɗan daɓen siminti a shafa masa farar ƙasa, ko a shimfiɗa farin abu a gicciye, domin tauraro ya gani. Itatuwan gona kuwa, irin su ɗorawa da tsamiya da kanya, su na taimakawa wajen gwada hoton bana da na bara, tun da ba sa tashi daga inda su ke. Amma sai da lura, domin kan itace ya kan karkata a hoto, gawo kuma da damina ya ke zubar da ganye, sa'ad da sauran itatuwa ke lulluɓe. Masu bincike na ICRISAT da abokan aikinsu sun yi aiki da hotuna masu kaifi a kan ƙananan gonaki a Kofa ta ƙasar Bebeji daga 2014. Duk mai irin wannan aiki, dole hoton watan Yuni da na Satumba su hau kan juna daidai, in ba haka ba sai ya auna girman dawar wani ya rubuta a sunan geron wani.

Sa'an nan dole a warwatsa turaku ko'ina, kusurwa huɗu da tsakiya. Wanda ya kafe fata a wuya kaɗai, ƙafafu za su naɗe. In duk turakun a cikin garin Ɗambatta aka auna su domin nan ne mota ke zuwa da sauƙi, hoton zai yi daidai a gari, amma can ƙauyukan gefe ba wanda ya san halinsa.

HAWA NA UKU, JARRABAWA

Malami ba ya jarraba ɗalibi da amsar da ya riga ya rubuta masa a allo. Haka nan ba a gwada hoto da turakun da aka ɗaure shi da su, domin dole su yi daidai. Sai a ware waɗansu wurare da aka auna, a ɓoye su, kada kwamfuta ta san da su. Bayan an gama ɗauri sai a fito da su, a ga nawa hoto ya kuskure a kowanne. Ƙa'idar da Amurka ta fitar a 1998 ta ce kada su kasa 20.

Akawuna da 'yan makaranta, ga lissafin. Mu ɗauki wurare 5 domin sauƙi. A ce kuskuren da aka samu shi ne mita 1, da 3, da 3, da 5, da 6. A ninka kowace lamba da kanta: 1, 9, 9, 25, 36. A tara, ya ba da 80. A raba da 5, ya ba da 16. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 16? Ita ce 4. To, sai a ce kuskuren wannan hoto mita 4 ne. Dalilin ninkawar shi ne domin babban kuskure ya yi nauyi, kada ƙanana su rufe shi. Ku lura kuma, mita 4 ba ita ce iyakar kuskure ba, ga shi a wuri ɗaya ya kai 6.

Kada a zaci manya sun wuce wannan jarrabawa. A 2016 masana suka tarar hoton Landsat 8 da na Sentinel-2 ba sa hawa kan juna, a waɗansu wurare bambancin ya wuce mita 30. Hukumar safiyo ta Amurka ta koma ta gyara lambobin turakunta na duniya, ta sāke sarrafa tsofaffin hotuna duka, ta fitar da su a ƙarshen 2020. In masu tauraro da kansu su na komawa su gwada sikelinsu, ina ga mu?

TSOHON MA'AUNI NA MINNA

Akwai wani tarko wanda ya kan kama har masu ilimi. Lambar wuri ba ta da ma'ana sai an san daga ina aka fara ƙirga. Tun zamanin Turawa, awon ƙasar Nijeriya daga wani turke da ke kusa da Minna aka ɗauko shi, tsofaffin taswirori da takardun filaye masu yawa kuwa bisa wannan ma'auni su ke. Waya da hoton tauraro kuma da ma'aunin duniya su ke aiki, wanda a ke kira WGS 84. Kamar mudun gari biyu ne, sunan ɗaya, cikin dabam. A wajen Kano, in ka ɗauki lambar da aka rubuta bisa ma'aunin Minna ka zuba ta a waya ba tare da an juya ta ba, za ta kai ka wani wuri mai nisan kusan mita 80 daga inda a ke nufi, gabas da yamma. Mita 80 kuwa ta fi faɗin gonaki da yawa a ƙasarmu. Takarda ba ta yi ƙarya ba, waya ba ta yi ƙarya ba, mai haɗa su ne bai tambaya ba.

ABIN DA MITA GOMA KE YI WA GONA

Eka ɗaya, in murabba'i ce, wajen mita 64 ce kowane gefe. In hoto ya goce mita 10 gefe guda, kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da aka zana da sunanka gonar maƙwabci ce. Gonakinmu kuwa ba duka ne murabba'i ba. Rabon gado ya kan tsaga gona tsawo-tsawo. A ce rabonka mita 20 ne a faɗi, 200 a tsawo, kusan eka guda ke nan. In hoto ya goce mita 10 ta wajen faɗin, rabin gonarka ya koma hannun ɗan'uwanka a takarda, kai kuma ka ci rabin ta wanda ke ɗaya gefen.

Wanda ke noma eka dubu a fili ɗaya, mita 10 ba ta dame shi ba. Mu da gona ke manne da gona, ita ce komai. A lura da abu guda: gocewar hoto ba ta rage faɗin gona, wurinta ta ke sākewa. Saboda haka hoton da ya ɗan goce ya na iya amfani wajen ƙiyasta faɗi, amma bai isa a yanke iyaka da shi ba, ko a ce wane ya ci burtali, ko a lissafta diyya in hanya za ta ratsa.

Zaga gona da waya shi ma da nasa. In mai zagawa ya bi ta bayan shinge, ya fita mita 2 kacal kowane gefe, gonar eka ɗaya za ta ƙaru da wajen kashi 13 cikin 100. In bisa wannan aka ba ka rance, bashin ya fi gonar. In kuwa ya yanke kusurwa domin gaggawa, takinka ya ragu.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Turken siminti na 'yan safiyo, in ya na gonarka, kada ka tone shi, kada ka matsa da shi ko da taki ɗaya, kada ka ɗaure dabba a jikinsa. A hana yara wasa da shi. Turke ɗaya da aka gusar ya na iya karkatar da awon unguwa guda. Wanda ya tumɓuke, a gaya wa mai unguwa, kada a mayar da shi da ka.

2. Ka riƙe iyakarka a ƙasa. Gamba, da jema, da aguwa, da lalle, da itatuwan da kakanni suka dasa, har yanzu su ne shaidar fari. Inda shinge ya mutu, ku sāke dasawa kai da maƙwabcinka tare, a gaban dattawa, tun ba a yi gardama ba. Rigakafi ya fi magani.

3. In an zo auna gonarka da waya, ka kasance a wurin, ka kira maƙwabta. A bi kan iyaka sosai, a hankali, a ɗan tsaya a kowace kusurwa. A zaga sau biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. In awo biyun sun yi nisa da juna, a sāke. Ƙaramar gona kuwa, igiyar awo ko tef ta fi waya gaskiya.

4. In wani ya kawo hoton sama wurin gardamar iyaka, a yi masa tambaya huɗu. Wace shekara da wane wata aka ɗauke shi? Ɗigonsa mita nawa ne? An ɗaure shi da turaku a wannan yanki, kuma kuskurensa mita nawa ne? Bisa wane ma'auni ya ke, na Minna ko na duniya? In abin da a ke gardama a kai mita 3 ne, kuskuren hoto kuwa mita 5, to, hoton ba shi da bakin magana.

5. Akawu mai rubuta lambar gona, ya rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ranar awo, da irin na'urar. Kada ya yanke lambobin ƙarshe domin rage aiki. A lambar digiri, gida na huɗu bayan ɗigo wajen mita 11 ne, na biyar wajen mita ɗaya. Wanda ya tsaya a gida na uku ya bar gona ta yi yawo cikin fiye da mita 100.

6. Mai sayen gona ko mai karɓar jingina, kada ya biya bisa hoton waya. Ya je ya taka da ƙafarsa, da shaidu, da sanin mai unguwa da dagaci. In abin mai tsada ne, a nemi mai safiyo mai lasisi.

Wanda ke so ya gani da idonsa, ga gwaji mai sauƙi. Ka tsaya a kusurwar wata kwalbati, ka buɗe taswirar waya, ka dubi inda ɗigon da ke nuna ka ya sauka a kan hoton. Ka koma gobe da jibi, a lokaci dabam dabam. Za ka ga ɗigon ya na yawo, yau a kan titi, gobe a cikin lambatu, alhali kwalbati na nan inda ta ke. Yawon nan na waya ne. In kuwa kullum gefe guda ya fi karkata, mai yiwuwa hoton ne ya goce.

Ba muna cewa a ƙi hoton sama ba ne. Amfaninsa da yawa. Da shi a ke gane inda shuka ta yi kyau da inda fari ya taɓa, da inda ruwa ya ci gonaki, da yadda gari ke cin gona shekara bisa shekara. Sentinel-2 ya kan komo kan wuri ɗaya kowane kwana 5, ko da ya ke gajimaren Agusta da hazon hunturu su kan tare masa gani. Ba malamin gona da zai iya zaga ƙasar Ɗambatta duka cikin kwana 5. Abin da mu ke cewa shi ne a san iyakarsa, a tambayi kuskurensa, a kuma kiyaye turakun da ke riƙe da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.